Tsohon Ƙwan Lantarki Ya Kamata Ya Sauka Daga Rufin Ɗakunanmu

Jama'a, duk wanda ya biyo hanyar Sakkwato da almuru, ya ratsa Aliero ya shigo Jega, ko kuwa ya miƙe kudu ya nufi Maiyama, in ya yi sa'a ran nan akwai wuta, zai ga abin da kakanninmu ba su gani ba. Zauruka da shaguna da masallatai duk sun haskaka, mai shayi da mai tsire ko wane da ƙwansa a rataye. In ya dubi ƙwayayen nan da kyau zai ga iri uku ne. Akwai tsohon ƙwai mai jan haske, wanda ba ya taɓuwa don zafi. Akwai farin ƙwai, wani dogo kamar kara, wani naɗaɗɗe kamar igiya. Akwai kuma na baya-bayan nan wanda a ke kira LED. Na farkon ya ragu ƙwarai a kasuwa, amma har yanzu ba a rasa shi a ƙofofin gidaje, da ɗakunan girki, da bayan ofisoshi, musamman a ƙauyuka, don kuwa shi ya fi araha. Abin da mu ke so mu roƙi masu karatu yau shi ne ko wane mai gida ya sauke wannan tsohon ƙwai ya maye gurbinsa da wanda ba shi da cin wuta. Za mu kawo dalilanmu da lissafi, don mun san akawu da malamin makaranta ba su karɓar magana sai sun ga adadi.

Da farko ya kamata mu tuna daga inda wutar nan ta ke zuwa. An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, daga baya aka ƙara mata injuna har ƙarfinta ya kai megawat 760. Daga can babbar waya ta taso ta zo tashar Birnin Kebbi, inda a ke rarraba wuta zuwa garuruwanmu, da Sakkwato, har da Yamai ta Jamhuriyar Nijar. Hukumomin da suka riƙe aikin sun sha canja suna. An kafa ECN da dokar 1950, aka yi NEPA a 1972, aka yi PHCN a 2005, sa'an nan ran 1 ga Nuwamba 2013 aka danƙa rarraba wutar ga kamfanoni, jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka shiga hannun kamfanin Kaduna Electric. Duk cikin shekarun nan abu ɗaya bai canja ba, watau wutar ba ta taɓa isar masu bukatarta ba. A watan Satumba na 2023 gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi ta ƙone manyan tiransifomomi, mutanen Kebbi da Sakkwato suka shiga duhu, kowa ya ga yadda rayuwarmu ta rataya a kan waya guda.

Ga ƙaranci, ga kuma tsada. Ran 29 ga Mayu 2023 Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, mai ƙaramin janareta ya shiga lissafin ko wace lita. Ran 3 ga Afrilu 2024 hukumar NERC, wadda ke tsara kuɗin wuta, ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a rana, daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225, ko da ya ke daga baya an ɗan rage. Yawancin unguwanninmu ba su cikin wannan rukuni, amma mai hankali in ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya kan shafa wa nasa ruwa. Abin da ya ke kaɗan kuma mai tsada, tilas a yi tattalinsa. Manomin albasa na Aliero ya san wannan sarai, ba ya sakin ruwan injinsa ya malale a kan hanya, sai ya bi da shi kwami kwami har ya kai gindin shuka.

To, mene ne laifin tsohon ƙwai? Laifinsa yana cikin yadda aka ƙera shi. Tun 1879, sa'ad da Thomas Edison na Amurka da Joseph Swan na Ingila suka fito da shi, dabarar ba ta canja ba. Akwai wani siririn zare a cikin gilashin, wuta ta bi ta cikinsa ta gasa shi har ya yi fari fat ya ba da haske, kamar yadda ƙarfe ke yi a maƙera. Daga cikin kashi 100 na wutar da ya ci, wajen kashi 90 zafi ne kurum su ke zama, ragowar ƙalilan ita ce hasken da mu ke gani. Watau in mutum ya biya Naira 100 a kan wannan ƙwai, Naira 90 ya biya ne don a ɗumama masa ɗaki. A Ingila, inda sanyi ke kashe mutane, ana iya cewa zafin bai tafi a banza ba. Amma a ƙasar Gwandu, inda zafin watan Afrilu ya kan wuce digiri 40, wa ke neman ƙarin ɗumi? Jikin mutum guda in yana zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Sabo da haka gidan da ya kunna tsofaffin ƙwayaye 6 masu wat 60, kamar ya gayyato baƙi uku ne ko huɗu su zauna masa a ɗaki cikin bazara, sa'an nan ya sake kunna fanka don ta kore zafinsu, ita ma tana cin wuta.

Farin ƙwai kuwa dabararsa dabam ce. A cikin bututun gilashinsa akwai iska da ɗan tururin zaiba. In wuta ta ratsa, tururin nan ya kan fitar da wani haske wanda ido ba ya gani, shi kuma ya bugi farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita, hodar ta mayar da shi farin haske. Da ya ke ba gasasshen zare ne ke ba da hasken ba, zafin kaɗan ne. Kamfanin General Electric na Amurka ya fara sayar da dogon a 1938. Wani injiniyan kamfanin mai suna Edward Hammer ya ƙago naɗaɗɗen a 1976, kamfanin Philips na Holan kuma ya fito da irinsa mai shiga mazaunin tsohon ƙwai a 1980. Shi kuwa LED ba zare ba tururi, wani ɗan ƙanƙanin abu ne da ke ba da haske da kansa in wuta ta bi ta cikinsa. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka gano shuɗin LED wanda daga gare shi a ke samun farin haske, aka ba su kyautar Nobel a kan wannan a 2014.

A nan akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi, ya kamata mu gyara shi. Sun saba auna haske da wat, su ce wa mai shago ya ba su mai 100 don ya fi haske. Wat kuwa ma'aunin cin wuta ne. Ma'aunin haske sunansa lumen, kuma a kan rubuta shi a jikin kwalin. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800. Naɗaɗɗen farin ƙwai yana ba da wannan haske da wat 15 ko ƙasa da haka. LED yana ba da shi da wajen wat 9. Haske ɗaya ne, abin da kowannensu ya ci kafin ya ba da shi ne ya bambanta. Kamar ma'aikata uku ne da za su yi maka shuri ɗaya na noma, ɗaya ya ce sai ka ba shi mudu 60 na gero, ɗaya ya ce 15, ɗaya ya ce 9.

Yanzu sai mai karatu ya ɗauko fensir mu yi lissafi tare. Yunit ɗaya na mita shi ne wat 1,000 in sun yi sa'a guda suna ci, watau ƙwai mai wat 100 in ya yi sa'a 10 a kunne ya cinye yunit ɗaya. Mu ɗauki gidan wani malami a Jega mai ƙwai 6: ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida, uku a ɗakuna, ɗaya a ɗakin girki. Mu ce ko wane dare suna yin sa'a 5 a kunne. In tsofaffi ne masu wat 60, jimlarsu wat 360, a dare guda yunit 1.8, a wata yunit 54. In naɗaɗɗu ne masu wat 15, jimlarsu wat 90, a wata yunit 13.5. In LED ne masu wat 9, jimlarsu wat 54, a wata yunit 8.1. Don misali mu ƙaddara kuɗin yunit Naira 60 ne. Na farko zai biya Naira 3,240 a wata, na biyu Naira 810, na uku Naira 486. A shekara, tsakanin na farko da na biyu akwai Naira 29,160, tsakanin na farko da na uku kuwa Naira 33,048. Kowa ya sa farashin da ke jikin takardarsa a maimakon Naira 60 ɗin nan, zai ga nasa rabon.

Wani zai ce ai sabon ƙwan ya fi tsada wajen saye. Gaskiya ne. Amma araha ba ta ado. Tsohon ƙwai an yi shi ne ya yi kimanin sa'a 1,000, watau dare 200 in ana kunna shi sa'a 5, bai cika wata 7 ba ke nan. Naɗaɗɗe mai kyau ya kan kai sa'a 8,000, watau fiye da shekara 4. LED mai kyau ya kan kai sa'a 15,000 ko fiye, watau shekara 8 da ɗoriya. Mun sani zafin ƙasarmu da hawa da saukar wutarmu su kan rage musu kwana, amma ko da rabin wannan suka yi, sun binne tsofaffin ƙwayaye da yawa kafin su mutu. Ga kuma lissafin mayar da kuɗi. LED guda da ya maye gurbin mai wat 60 yana rage wat 51, a wata yunit 7.65, watau Naira 459 a farashin misalinmu. In ma an ce ya fi tsohon tsada da Naira 1,000, kafin wata uku ya biya kansa, abin da ya biyo baya riba ce. Wanda albashinsa ba zai ɗauki ƙwai 6 a lokaci guda ba, sai ya sayi ɗaya ko wane ƙarshen wata, ya fara da wanda ya fi daɗewa a kunne, yawanci na ƙofar gida wanda ke kwana yana ci har asuba. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, kuma ba za mu kauce mata ba. Mutum zai ce, ni ba ni da mita, kuɗin ƙiyasi a ke kawo mini ko wane wata, na kunna ko ban kunna ba, to tsimin me zan yi? Wannan kuka ne na gaskiya, kuma muddin ana yi wa mutane kuɗin ƙiyasi, da wuya su ga amfanin tattali a aljihunsu. Hukuma ma ta san haka, shi ya sa NERC ta ƙayyade iyakar kuɗin ƙiyasi a watan Fabrairu na 2020, Gwamnatin Tarayya kuma ta fara shirin raba mita ga jama'a a watan Oktoba na wannan shekara. Shawararmu ita ce duk wanda ba shi da mita ya rubuta takarda ya nema, ya kuma ajiye kwafinta, in an yi jinkiri ya sake rubutawa. Ran da mitar ta zo, gidan da ya riga ya canja ƙwayayensa shi zai yi dariya.

Amma ko ba mita, akwai abin da ya shafi kowa, watau tiransifomar unguwa. Mu ƙaddara tiransifoma mai ƙarfin kVA 300, irin wadda aka saba gani a bakin titi, tana ɗauke da gida 400. In ko wane gida ya kunna wat 360 na tsofaffin ƙwayaye bayan magariba, kilowat 144 ke nan, watau kusan rabin ƙarfinta ya tafi a kan fitila kaɗai, tun ba a zo ga fanka da firji da injin niƙa da dutsen guga ba. In LED ne, abin bai kai kilowat 22 ba. Wannan shi ya sa da almuru, sa'ad da kowa ya kunna nasa, wutar kan yi rauni, fanka ta riƙa juyi kamar mai jin barci. In nauyin ya yi yawa fis ya tsinke, in abin ya ci gaba tiransifomar ta ƙone. Wanda ya zauna a ƙauye ya san abin da ke biyo baya: watanni cikin duhu, da taro a ƙofar gidan hakimi ko mai unguwa, da karo-karon kuɗi, da sintiri zuwa ofis. Mutanen Kimba ne, ko na Sabiyal, ko na Andarai, duk hukuncin ɗaya ne. Kuɗin da gida zai bayar a karo-karo guda ya isa ya sayi ƙwayayen da za su rage wa tiransifomar kaya tun da fari. Rigakafi ya fi magani.

Mai janareta da mai sola su ma maganar ta shafe su, har ma ta fi. Ƙaramin janaretan da a ke gani a shaguna ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. In tsofaffin ƙwayaye 6 sun ɗauke masa wat 360, abin da ya rage wa fanka da talabijin kaɗan ne, injin ya yi ta gurnani yana shan mai. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da kimanin yunit 1.2, kuma in irin na dalma ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Wannan rabin, tsohon ƙwai guda mai wat 60 zai cinye shi cikin sa'a 10. LED mai wat 9 zai yi sama da sa'a 60 a kansa. Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, ko na makarantar koyon aikin lafiya ta Jega, wanda ke karatun dare da ɗan batir, ya san bambancin nan tun kafin a gaya masa.

Kada a zaci wannan magana ce ta takarda wadda ba a taɓa gwadawa ba. Ƙasar Gana, maƙwabciyarmu a Afirka ta Yamma, ta gwada. A 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya ƙwarai, wuta ta yi ƙaranci, aka shiga rabon ta unguwa unguwa. Gwamnatin ƙasar ta sayo naɗaɗɗun fararen ƙwayaye miliyan 6 ta raba wa jama'a kyauta, tana karɓar tsofaffin. Abin da aka rage na nauyin wuta a lokacin da aka fi cin ta ya kai megawat 124. Wannan ya yi kusan kashi ɗaya cikin shida na dukan ƙarfin Kainji, an kuwa same shi ba tare da an datse kogi ko an ta da ƙauye ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun fara hana sayar da tsohon ƙwai a watan Satumba na 2009, suka kammala a 2012. Indiya ta fara shirin sayar wa talakawanta LED da rahusa a 2015. Mutanen da suka fi mu wuta su ne suka riga mu tsimin ta.

Akwai wani dalili kuma da ya sa wasu suka riƙe tsohon ƙwai, mu ma mun gan shi da idonmu. In wuta ta yi rauni, dogon farin ƙwai mai cok da sitata sai ya yi ta ƙyaftawa ya ƙi kamawa, shi kuwa tsohon ko yaya ya kan yi ɗan ja kamar garwashi, a ce da babu gara ba daɗi. Wannan ya faru, amma zamani ya wuce shi. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, LED da yawa kuwa an yi su su kama ko da ta sauka ƙasa da haka nesa, kuma a kan rubuta iyakar abin da su ke ɗauka a jikin kwali. Mai saye ya duba ya zaɓi wanda iyakarsa ta ƙasa ta fi sauka. Wanda kuma farin haske ke damun idonsa, akwai mai ruwan ɗorawa irin hasken da ya saba da shi, sai ya tambaya.

Sai dai a yi hattara da jabu. Kasuwa cike ta ke da ƙwayayen da aka rubuta musu wat 30 alhali ba su kai 10 ba, waɗanda ke mutuwa cikin mako biyu, su ne kuma suka ɓata wa na kirki suna. Jega gari ne na ciniki tun ƙarni na 19, mutanensa ba su bukatar a koya musu gane kaya. A duba kwali a ga sunan kamfani da adadin lumen. A gwada ƙwan a shago kafin a biya. A nemi rasit, a kuma yi sharaɗi da mai shago cewa in ya mutu cikin 'yan watanni zai canja. Malami ya rubuta ranar da ya ɗaura ƙwai da biro a gindinsa, ran da ya mutu ya san ko wane iri ne ya cika alkawari, ya gaya wa maƙwabta. Hukumar SON, wadda aka ɗora wa duba ingancin kaya a ƙasar nan, muna roƙonta ta riƙa leƙa kasuwannin ƙananan hukumomi, kada aikinta ya tsaya a manyan birane.

Yanzu mun zo ga abin da ya wajaba mu faɗa game da farin ƙwai kansa, don kada mu ba da rabin shawara. Mun ce akwai zaiba a cikinsa. Kaɗan ce, 'yan miligiram ne a ko wane ƙwai, kuma muddin gilashin bai fashe ba ba ta cutar da kowa. Amma zaiba guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta fi kuma yi wa yara da masu ciki lahani. A garin Minamata na Japan, a shekarun 1950, wata masana'anta ta zubar da ita a teku, mutanen da suka ci kifin wurin suka nakasa, da yawa suka mutu. Da sunan garin nan aka ƙulla yarjejeniyar duniya ta rage amfani da zaiba a 2013, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. Ƙasashen Afirka ne suka kawo shawarar a daina yin fararen ƙwayaye, tun da an sami LED wanda ba shi da zaiba. A taron Bali na ƙasar Indunusiya a 2022 aka yarda a daina ƙera naɗaɗɗun na gida da fataucinsu tsakanin ƙasashe daga ƙarshen 2025, a taron Janiba na 2023 kuma aka sa wa dogayen wa'adin da ba zai wuce 2027 ba.

Sabo da haka ga yadda mu ke ganin ya kamata a yi. Tsohon ƙwai mai zare a sauke shi yau, kada a jira ya mutu, don ko wane dare da ya ƙara hasara ce. Farin ƙwai mai aiki a bar shi ya ƙarasa kwanansa, ya riga ya rage kashi uku cikin huɗu na cin wuta, jefar da shi da ransa ɓarna ce. Ran da ya mutu a maye gurbinsa da LED. In farin ƙwai ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga, a bar ɗakin kamar minti 15. Kada a share da tsintsiya, don tana watsa hodar. A kwashe da guntun kwali, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka a kwalba ko gwangwani mai murfi, a wanke hannu. Matattun kuwa kada a jefa su a juji inda a ke cinna wa shara wuta, kada a yar da su kusa da rijiya ko fadama ko bakin gulbi, kada kuma a bar yara su yi wasan takobi da dogayen. Wuri ɗaya kaɗai mu ke ganin tsohon ƙwai yana da sauran aiki, shi ne ɗakin 'yan tsaki lokacin sanyi, inda zafin ne a ke nema.

Ku akawuna da ma'aji da masu kula da sito na ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, aikin nan ya fi rataya a wuyanku, don da alƙalaminku a ke sayen kaya. Tun zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, an san akawun kirki da cewa ba ya barin anini ya ɓace a littafinsa. Wutar ofis ita ma dukiyar jama'a ce. A zaga sakatariya da asibitoci da makarantu a ƙidaya ƙwayaye, a rubuta irinsu da wat ɗinsu a littafi. In za a rubuta takardar sayen sababbi, a faɗi lumen da wat, kada a rubuta ƙwai dozin kaza kurum a bar ɗan kwangila ya kawo abin da ya ga dama. A ɗora wa mutum guda alhakin kashe fitilu in an tashi aiki, don abin kunya ne a wuce ofishin hukuma ran Asabar da tsakar rana a ga fitilar baranda tana gasa da rana. A kuma ajiye ganga mai murfi a sakatariya inda jama'a za su kawo matattun fararen ƙwayaye, kada su watsu a gari.

Ku kuma malaman makaranta, ga darasin lissafi ya zo muku har gida. Maimakon a yi ta ba yara misalin abin da ba su taɓa gani ba, a sa ko wane yaro na aji 5 da na aji 6 ya ƙidayo ƙwayayen gidansu, ya karanto wat ɗin da ke jikinsu, ya tambayo sa'a nawa su ke yi a kunne. A aji a ninka, a tara, a fitar da yunit na wata, a mayar da shi Naira, sa'an nan yaro ya koma da takardar ya nuna wa mahaifinsa. Da wannan ya koyi ninkawa da kashi cikin ɗari, ya kuma ga cewa ilmin makaranta yana da amfani a cikin gida. Sau da yawa abin da mai gida ya ƙi ji daga bakin ma'aikaci ya kan karɓe shi daga hannun ɗansa. Amma fa malami ya fara da nasa zauren, don yara sun fi koyi da abin da suka gani.

Ba mu ce canja ƙwai zai kawo wuta inda babu waya ba, ba mu kuma sauke wa Gwamnati da kamfani nauyin da ke kansu na ƙara wuta da gyaran layi da ba da mita ba. Za mu ci gaba da tuna musu wannan a shafin nan. Amma gina tasha aikin shekaru ne da biliyoyin Naira, sauke ƙwai kuwa aikin minti biyu ne da kujerar takawa, kuma yana hannun ko wane mai gida daga Alelu har Mungadi. Wanda ya karanta wannan, in ya koma gida yau, ya ɗaga kai ya dubi abin da ke rataye a zaurensa, ya kashe makunni, ya bari ya huce, sa'an nan ya karanta adadin da ke jikinsa ya yi lissafin da muka yi. Allah ya ba mu ikon tattalin abin da ya hore mana, amin.